Ajin Asabar a Aboabo

Asabar, 6 ga Satumba 2025

Toh alhamdulillahi yau dai mun fara ajin da zan koya wa ɗalibanmu manyan kwamfutoci da AI da kwantum. Wata biyu kenan ina yawo da maganar nan a baki sai yau Allah ya nufa. Malamin makarantar Islamiyya ta bayan layinmu a Aboabo cikin Kumasi ta Ghana ya ara mana ɗaki ɗaya daga bayan azahar zuwa biyar, tunda yaran allo sun tashi kafin lokacin. Mutum 14 suka zo, mata biyar, yawancinsu 'yan jami'ar KNUST ne da Kumasi Technical University, wasu akanta suke karanta wasu harkar banki wasu talla, babu ko ɗaya da ya karanta kwamfuta kuma dama haka nake so.

Abin da ya tunzura ni shine ɗan yayata da ya je koyon aiki wani kamfani a Adum, ya dawo yana bani labari wai wasu sun zo da kwat da furojekta suna tallar manhaja mai AI, awa biyu suna magana, manajoji na ta gyaɗa kai, ba wanda ya tambaye su ko abu ɗaya, daga ƙarshe aka sa hannu. Nace masa kai fa me ka tambaya? Yace kawu ai ni ko tambayar bansan ta inda zan kamo ta ba. Maganar nan ta tsaya mun a rai, domin yaran nan namu na zango nan da shekara biyar goma su ne za su riƙa sa hannu a irin wannan takarda, kuma iyayensu a kasuwar Kejetia ba sa cinikin biri a sama, ko buhun wake sai sun soka hannu sun gani.

Na rubuta tambaya uku a allo nace kar wanda ya goge har mu gama. Wace matsala abin ke warwarewa. Nawa zai ci, kuɗi da wuta. Bayanan wa zai haɗiye kuma a ina za su kwana. Sannan na kafa sharaɗi, bayani da Hausa za a yi, wanda ya fahimci abu zai iya faɗa wa kakarsa, wanda bai fahimta ba shi ke ɓuya a bayan turanci.

Asabar, 13 ga Satumba

Babbar kwamfuta yau. Da yawansu sun ɗauka wata na'ura ce guda ɗaya mai ƙarfin tsiya, nace a'a, dubban kwamfutoci ne aka jera a ɗaki kamar sito aka haɗa su da wayoyi masu gudu, a yanka aiki gunduwa-gunduwa kowa ya ɗauki nasa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Na kawo misalin sauke tirelar albasa, mutum ɗaya zai kwana yana yi, mutum talatin awa biyu sun gama, amma in ƙofar siton guda ɗaya ce toh ko ka kawo mutum ɗari uku layi za su yi a bakin ƙofa. Wannan ƙofar ita ce ciwon kan masu wannan harka, ba kowane aiki ke rabuwa ba.

Akwai jerin sunaye da ake kira TOP500, tun 1993 ake fitar da shi sau biyu a shekara, Yuni da Nuwamba. Wadda ke kan gaba a jerin Yunin bana El Capitan ce a Kalifoniya ta Amurka, tana lissafi sama da biliyan sau biliyan 1.7 a daƙiƙa ɗaya. Lambar bata shiga kan kowa ba har ni, sai muka yi ta haka: mutanen duniya biliyan 8 kowa ya riƙe biro yana lissafi ɗaya duk daƙiƙa ba barci ba sallah ba cin abinci, sai sun yi wajen shekara huɗu kafin su yi biliyan sau biliyan ɗaya. Ajin ya yi tsit.

Amma inda suka farka da gaske wajen wuta ne. El Capitan na shan kusan megawat 30, madatsar Akosombo gaba ɗayanta 1,020 take bayarwa, kenan na'ura ɗaya ta lashe kusan kashi uku cikin ɗari na Akosombo. Wani yaro mai karanta akanta, babansa na da injin niƙa a Asawase, yace Malam kenan wannan ba maganar kwamfuta bace maganar bil ɗin wuta ce. Nace ka gama fahimtar darasin yau. Na gaya musu a Afirka ma akwai, Toubkal a jami'ar Mohammed VI da ke Ben Gerir a Maroko, da Lengau a Kef Tawun. Aikin gida: kowa ya binciko kuɗin hayar irin wannan na'ura ta intanet na awa ɗaya, ya kwatanta da saye, ya gaya mun a wane hali haya ta fi.

Asabar, 27 ga Satumba

Satin da ya wuce ruwa ya hana, kwatar layin ta cika ta shigo har bakin ƙofa, mutum huɗu kawai suka iso muka sha shayi muka watse.

Yau mun yi lissafin mai aboboya, wato keken ɗaukar kaya mai ƙafa uku. Yana da shago goma da zai kai wa kaya, ta wace hanya zai bi ya ƙona mai kaɗan? Jerin da zai iya bi 3,628,800 ne, waya ma zata duba su duka. Shago 20, El Capitan zata gama cikin daƙiƙa biyu in muka ɗauka kowace hanya lissafi ɗaya ce. Shago 25 sama da wata uku. Shago 30 kusan shekara miliyan biyar. Na bar su sun buga da kansu a kalkuleta domin gani ya kori ji, wata har sau uku tana sakewa tana cewa ba daidai bane. Daidai ne. Abin da nake so ya zauna musu shine ƙarfi kaɗai baya isa, kamfanonin jigila ba duba duka hanyoyi suke ba, dabara suke amfani da ita mai bada amsa mai kyau ko da ba ita ce mafi kyau ba, kuma direban motar haya ta torotoro da ya shekara ashirin tsakanin Tafo da Kejetia irin wannan dabarar ce a kansa.

Asabar, 4 ga Oktoba

Mun shiga ƙirƙirarriyar basira, AI ɗin da kowa ke faɗa. Duk cikinsu ba wanda baya amfani da manhajar hira wajen aikin makaranta, sun faɗa da bakinsu, amma da na tambaya yaya take aiki sai aka koma kallon silin. Na yi bayani iya yadda zan iya, an ɗura mata rubutu mai yawan gaske ta koyi wace kalma ke bin wace, shi yasa take magana tiryan-tiryan ko tana kan daidai ko ta kauce, muryar ɗaya ce. Kuma horar da ita a irin waɗancan manyan ɗakunan ake yi, kati ɗaya na Nvidia H100 na iya shan wat 700 kuma dubbai ake jerawa, kaga darasin wuta ya dawo. Na tuna musu Google ta buɗe cibiyar binciken AI a Akra tun 2019, ta farko da ta buɗe a Afirka, kenan abin ba a bayan duniya yake ba, motar safa ta VIP ce tsakaninmu da shi.

Na ga hira kaɗai ba zata kai mu ko'ina ba, nace ina son littafin ciniki na gaske. Wata ɗaliba, 'yar aji uku a harkar banki, tace mamanta na sayar da albasa a Kwadaso kuma ita ke rubuta mata littafi tun tana sakandare, shekara uku na nan cif a gida. Tace zata tambaya.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ba ranar aji bace amma sai na rubuta. Jiya aka sanar da kyautar Nobel ta fiziks ga John Clarke da Michel Devoret da John Martinis kan gwajin da suka yi a 1984 da 1985, inda suka nuna halin kwantum, wato halin ƙananan ƙwayoyi irin su atam, na bayyana a da'irar lantarki da ido ke iya gani, kuma a kan wannan aka gina irin kwamfutar kwantum ta Google da IBM. Na tura wa yara a WhatsApp nace ku lura, shekara arba'in tsakanin gwaji da yau kuma har yanzu ba a fara cin riba sosai ba, duk mai zuba jari ya san wannan tazarar. Na ƙara musu da cewa 2025 ita ce shekarar kimiyyar kwantum ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma Ghana ce ta gabatar da ƙudurin a zauren majalisar a 2024. Biyu sun ce basu taɓa ji ba. Marigayi Farfesa Francis Allotey ma da ya koyar a KNUST ɗinsu ya kafa cibiyar kwamfuta ta jami'ar, sunansa kawai suka sani.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yau ce ranar da ajin ya canza, zan daɗe a kanta.

Yarinyar bata zo da littafi kaɗai ba, Hajiya da kanta ta biyo ta, da mayafinta da jakar leda ta rungume littattafan guda huɗu a ƙirji. Muka tashi muka gaishe ta aka bata kujerata. Tace Malam, yarinya tace za ku sa littafina a kwamfuta, nazo inji da kunnena wace kwamfutar, ta nan ɗakin ko ta Turawa? Nace Hajiya niyyarmu mu ɗauki hoton shafukan mu bai wa manhaja ta karanta ta jera mana. Tace in ta karanta a ina yake zama? Nace a na'urorinsu can waje. Tace toh ba da ni ba. Tace cikin littafin nan akwai sunan matar da mijinta ya rasu bara na bata buhu biyu har yau ban tambaye ta ba, akwai mai waken da ke biya duk Juma'a, akwai wanda in aka ji ana binsa bashi auren 'yarsa zai lalace, mutanen nan ni suka bai wa amana ba wani a Amurka ba.

Wallahi kunya ta kama ni, domin tambaya ta uku da na rubuta da hannuna tana nan a allo a bayan kanta kuma ni ne na fara tsallake ta saboda ɗokin samun bayanai. Nace Hajiya kin yi gaskiya, kuma doka ma na bayanki, akwai dokar kare bayanan mutane ta 2012, Act 843, bata yarda ka kwashi bayanan mutum ka miƙa wa wani ba da saninsa ba. Tace ita bata san doka ba amma ta san amana. Muka yi yarjejeniya a gabanta, 'yarta ce kaɗai zata buɗe shafukan bashi, zata kwafe kwanan wata da yawan buhu da farashi da hannu cikin Excel a laftof ɗina ba tare da intanet ba, suna kuwa ko ɗaya ba zai fita ba, kowane mai saye lamba za a bashi kuma takardar lambobin a jakar Hajiya zata kwana.

Kafin ta tafi wani ya tambaye ta yaya take gane wanda zata bai wa bashi. Ta yi kusan minti ashirin tana magana, yaran na rubutu kamar lacca. Tana duba wa ya kawo shi, a wane masallaci yake sallah, in ya makara da biya shi ke fara zuwa ko sai an aika, yana zubin susu, wato adashi, ko baya yi. Nace musu kun ji, bashin da ake baku ta momo, wato asusun kuɗi na waya, cikin minti ɗaya shima haka na'ura ke auna ku, tana duba shige da ficen kuɗinku da yadda kuka biya na baya, bambancin shine na'ura bata san an yi wa mutum rasuwa ba, ta ga ya makara kawai ta rage masa daraja. Nan muhawara ta ɓarke har aka kira la'asar, wasu na cewa na'ura ta fi adalci tunda bata san ɗan wane ba, baƙon da bashi da kowa a zango ma zai samu, wasu na cewa adalcin da babu tausayi a ciki ba adalci bane. Ban raba musu gardama ba domin ni kaina ina ganin kowane ɓangare na riƙe da wani abu.

Asabar, 25 ga Oktoba

Sati biyu ana kwafe, layi sama da dubu biyu. Yau muka gwada hasashen farashi, muka ɓoye wata shidan ƙarshe muka ce na'ura ta faɗa mana daga abin da ta gani a baya. Faɗuwar farashi lokacin da sabuwar albasar Nijar ke shigowa da tashinsa can ƙarshen shekara duk ta kamo su da kyau. Amma wuri biyu ta sha ƙasa.

Na farko akwai wani tashin ciniki da ke yawo, kowace shekara yana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya, na'ura ta ɗauke shi hayaniya ce kawai. 'Yar Hajiya ta kalli allon tace Malam ai azumi ne. Shikenan. Mun bata watannin Bature bamu bata na Musulunci ba, azumin 2024 ya kama wajen 11 ga Maris, na bana farkon Maris, mai zuwa kuma cikin Fabrairu in Allah ya kaimu. Muka ƙara layi ɗaya na watan Hijira kuskuren ya ragu a idonmu. Na ce musu duk mai sayar muku da manhajar hasashe ku tambaye shi ko ta san azumi da layya.

Na biyu kuwa ba mu da maganinsa. Tsakanin Afrilu da Yunin bana sidi, kuɗin Ghana, ya yi ƙarfi daga sama da 15 a dala ɗaya zuwa kusan 10, ita kuma albasa da sefa ake sayo ta, babu abin da ya yi kama da haka a littafin shekarun baya balle na'ura ta koya. Abin da bai taɓa faruwa ba bata ganinsa.

Mun kuma gwada wata manhajar hira da lambobin da babu suna, nace ta tara mana cinikin wata guda, ta kawo jimla da cikakken ƙarfin hali kuma ba daidai ba, ɗan mai injin niƙa ne ya kama ta da kalkuleta.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Dumso, wato ɗaukewar wuta, tun safe, laftof ya mutu ƙarfe uku. Mun koma allo da alli mun yi bitar saye ko haya. Mutum 11 ne yanzu, uku sun daina zuwa, ɗaya ya samu aikin Asabar a shagon waya kuma ban ga laifinsa ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Kwantum. Na fi jin tsoron wannan darasin fiye da kowanne domin nan ne aka fi yi wa mutane ƙarya. Satin da ya wuce na fara da misalin kwabo mai juyawa a tebur, ba kai ba wutsiya, sai na ji suna cewa toh kenan tana gwada duka amsoshi lokaci ɗaya ta zaɓo daidai, matsalar mai aboboya ta ƙare. Ba haka bane kuma misalina ne ya kai su can, saboda haka yau na warware. In ka auna kiyubit, wato ƙwayar lissafin kwamfutar kwantum, amsa ɗaya tak yake baka, sifili ko ɗaya, sauran sun tafi. Nace ku tuna tafkin Bosomtwe, ka jefa dutse biyu, inda igiyoyin ruwan suka haɗu wani wuri su ƙaru wani wuri su kashe juna ruwan ya kwanta. Gwanintar ita ce ka tsara lissafin yadda amsoshin banza za su kashe juna ta gaskiya ta taso, kuma matsaloli ƙalilan ne aka gano musu irin wannan tsarin.

Ɗaya daga ciki ta shafe su kai tsaye. Na ce su buga 53 sau 61, nan take 3,233. Sai na bai wa waɗanda suka makara 3,233 nace su nemo mun lambobin da suka haife ta, suka yi ta fama. Makullin RSA da ke tsare hulɗar banki da yawa a kan wannan yake zaune, da lambobi masu ɗaruruwan alƙaluma. A 1994 Peter Shor ya nuna kwamfutar kwantum mai girma zata iya fasa shi. Irin wannan na'urar babu ita tukuna, Willow da Google ta nuna a Disamban 2024 kiyubit 105 gare ta, cikin sanyin da ya kusa kai 273 ƙasa da sifili, kuma kuskure na nan. Amma mai haƙuri zai iya kwafe rufaffun bayanai yau ya ajiye har ranar da makullin zai fasu, shi yasa hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sabbin ƙa'idojin makulli guda uku a Agustan 2024. Nace wanda zai yi aikin banki a cikinku, wannan canjin makullin shine kwantum ɗin da zai fara zuwa teburinsa, da kasafin kuɗinsa.

Na basu labarin 2019 ma, Google tace na'urarta mai kiyubit 53 ta yi cikin daƙiƙa 200 abin da babbar kwamfuta zata shekara 10,000 tana yi, IBM ta fito tace kwana biyu da rabi ya isa. Duka biyun masana ne kuma duka biyun 'yan kasuwa ne.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Mun taɓa ta da hannunmu. IBM tun 2016 take barin mutane su aika ƙaramin aiki zuwa na'urar kwantum ta gaske ta intanet, akwai 'yan mintuna kyauta. Muka haɗa data ta waya biyu, muka ɗaure kiyubit biyu da juna muka aika a auna sau dubu. Da sakamakon ya dawo kusan rabi 00 kusan rabi 11, sai 'yan tsiraru 01 da 10 waɗanda a lissafi bai kamata su fito ba sam. Wata ta nuna su da yatsa tace Malam waɗannan fa? Nace kuskuren na'urar kenan kike gani da idonki, daga Aboabo. Sun fi murna da ƙananan sandunan nan fiye da manyan.

Ɗan yayata ya zo yau ya zauna a baya. Na sa shi ya yi mana mai talla, ya karanto irin maganganun da ya ji a Adum, su kuma su tare shi. Minti biyar bai yi ba 'yar Hajiya tace da bayanan wace ƙasa kuka horar da ita, ɗan mai injin niƙa yace kuɗin wata-wata da dala ne ko da sidi, wani yace in mun fasa kwangila bayananmu za ku dawo mana da su ko sun zama naku. Yaron ya ajiye takardar yace shi dai a bashi kujera sati mai zuwa.

Saura aji biyu kafin jarabawarsu ta makaranta. Abin da ya rage: kowane rukuni zai kawo shafi biyu da Hausa kan sana'a ɗaya ta zango, mahauta, masu goro, masu kayan gwari, me na'ura zata iya musu me ba zata iya ba. Hajiya ta aiko a gaya mun tana son ganin hasashen azumi mai zuwa kafin ta yi odar motar albasa daga Galmi ta Nijar, kuma a buga mata a takarda da manyan lambobi domin idonta. Firinta zan nema ranar Litinin.